Ƙofar da Ke Korar Mayu

Inci uku ne kacal suka tsaya tsakanin Muriel Gittins da gidan aurenta. Ma'aikaciyar da asibiti ya turo ta duba gidan ita ta auna, ta sake aunawa, sannan ta juya wa Ivor, mijin Muriel, tef ɗin awon ya gani da idonsa. Ƙofar da ake bi daga zaure a shiga babban ɗaki faɗinta inci ashirin da huɗu ne. Keken da Muriel za ta zauna a kai daga yanzu, tun da ɓarin jikinta ya shanye, inci ashirin da bakwai ne. In ba a faɗaɗa ƙofar ba kafin ƙarshen wata, asibiti na bukatar gadonsa, za a wuce da ita gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Ivor ya san gidan nan sarai. Abokansa uku ya raka can, kuma babu wanda ya je ya ɗauko.

A wani gidan, wannan aikin rabin yini ne ga kafinta da zartonsa. Amma Upper Hollin ba kamar sauran gidaje ba ne, kuma babu wanda ya kai Ivor faɗin haka. Shekara ɗari huɗu da 'yan kai gidan ya yi a gindin tudunsa a Shropshire ta ƙasar Ingila. Ƙashinsa baƙin katakon itacen oak ne, tsakanin katako da katako saƙar ƙirare ce da aka yaɓe da laka aka shafe da farar ƙasa, kuma duk ya karkata gefe guda kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa a layi. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a cikinsa. Ka ajiye tuffa a ƙasa a ɗakin sama, ka sauko, za ka tarar ta riga ka isowa. Hukuma ta daɗe da sa shi a rajistar gine-ginen tarihi, wato kai ne mai gida in rufi ya yi yoyo, amma ranar da za ka buga ƙusa sai ka nemi izini.

Duk wannan ba shi ne abin taƙamar Ivor ba. Gidaje masu karkata sun yi yawa a kwarin, har maƙwabcinsa Denzil Preece ma yana da ɗaya. Abin da Denzil ba shi da shi, kuma ba zai taɓa samu ba, yana jikin madogarin wannan ƙaramar ƙofar: da'ira bakwai da aka karce a katako, kowacce da fure mai ganye shida a cikinta. A shekarar 1983 wani Farfesa Mallender ya zo da gilashinsa da fitilarsa, ya durƙusa a gabansu har gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce mutanen dā ne suka zana su don su hana mayu shiga ɗaki, kuma bai taɓa ganin masu kyan waɗannan ba a duk yankin. Ya sa su a littafinsa. Tun daga nan, kowace bazara sai motoci sun hawo hanyar gonar, Ivor ya goge hannu a wando ya tsaya a gefen ƙofa ya fara: maye in ya kafa ido a kan layin nan sai ya yi ta binsa, layin kuwa ba shi da ƙarshe, har gari ya waye masa a nan. Shekara arba'in yana faɗi, kuma kowace shekara labarin sai ya ƙara ƙiba.

A asibiti ya tarar da Muriel an jingina ta da matashi uku, tana kallon taga. Ciwon ya ɗauke mata hannu da ƙafar hagu ya bar mata harshe, rabon da Ivor yake ganin da an shawarce shi da ba haka aka yi ba. Ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya gaya mata batun inci uku.

Ta saurara har ya gama. Can gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

"Ashe dai ƙofar tana aiki," ta ce. "Shekara arba'in tana jiran mayya, yau ta kama ɗaya."

"Muriel, bar wannan wasan."

"Wa ya ce wasa nake? Ka faɗa wa 'yan yawon buɗe idonka. Za su ji daɗi." Ta juyo da kai a hankali, ta dube shi. "Yaushe matar ofishin gine-ginen tarihi za ta zo?"

"Ranar Talata."

"To ka san abin da za ka gaya mata, tsoho."

"Zan roƙe ta. Ai mutum ce, tana da uwa."

"Ba roƙo na ce ba."

Ivor ya juya hularsa sau biyu. Ya ce tumaki suna nan lafiya, ɗaya ce kawai take ɗingishi. Muriel ta ce ta gode da labarin tumaki, ta rufe ido. Da ya miƙe zai tafi ne ta yi magana, muryar ta sauka ƙasa, babu zolaya a cikinta. Ta ce ita dai gida take so. Ta ce ba ta son ta mutu a ɗakin da aka rubuta sunanta a takarda aka manna a ƙofa.

Gaskiyar maganar, wadda Ivor yake zaton shi da Muriel kaɗai suka rage da saninta, ita ce ƙofar nan ta girmi 'yarsu Gwenda da shekara uku ne kawai. Lokacin da ya auro Muriel daga cikin gari, wurin wawakeken baki ne da wani tsohon ƙyaure da ba ya rufuwa, iska na ratsowa daga zaure har ta kaɗa wutar murhu. Amarya ta yi sanyin farko da riguna uku a jiki tana kukan gidan ubanta. Sai ango ya je tsohon rumbun da ya faɗi, ya zaɓo katakai, ya tsuke ƙofar, ya cike gefe da bulo ya shafe. Katakon kam tsoho ne na gaske, a nan farfesa bai yi kuskure ba. Furannin kuwa ranar haihuwar Gwenda suka fito. Ungozoma ta kore shi daga sama tun hantsi, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa da almakashin askin tumaki a hannu, yana jin kukan matarsa ta cikin rufi. Ya kafa tsini ɗaya a katako ya juya ɗayan, don dai hannunsa ya sami abin yi. Awa bakwai ta yi tana naƙuda.

Ranar da farfesa ya durƙusa, Ivor ya buɗe baki zai faɗi haka. Amma Denzil yana tsaye a bayansu, kuma a makon nan ne ragon Denzil ya kayar da nasa a gasar baje kolin gunduma. Sai ya rufe bakin. Ba ƙarya ya yi ba a ranar, shiru kawai ya yi, ƙaryar daga baya ta zo ta zauna a gurbin da shirun ya share mata.

Talata ta zo da yayyafi. Mis Amphlett, jami'ar da ke kula da tsofaffin gine-gine, ta iso cikin takalman roba da jaka a kafaɗa, yarinya ce da ba ta wuce talatin da biyar ba. Denzil ma ya iso, wai sarƙar jan mota ya zo aro. Duk kwarin an san Denzil ba ya aron komai sai ranar da akwai abin kallo.

Ta zaga gidan tana shafa katakai kamar mai gaisawa da dangi. Ta leƙa cikin murhu ta duba bututun hayaƙi, ta yaba daɓen duwatsun zaure, ta tambayi lafiyar rufi. Da ta zo ƙaramar ƙofar sai ta tsaya, ta sauke jakarta, ta durƙusa.

"Mista Gittins, ba za ka tuna ni ba," ta ce. "Ina 'yar shekara tara aka kawo mu nan daga makaranta. Kai ka ɗaga ni na taɓa na saman nan. Ka ce in na bi layin da yatsa har na kai ƙarshe, to ni ba mayya ba ce. Na yi ta bi har malamarmu ta ja ni." Ta yi dariya. "Ranar nan na zaɓi aikin da zan yi. Furannin nan su suka kai ni jami'a."

Ivor ya sunkuyar da kai. Duk jawabin roƙon da ya shirya a hanyar dawowa daga asibiti ya bi iska.

Ita ta fara kawo maganar, kuma cikin ladabi ta yi. Ta ce ta karanta takardar asibiti, ta tausaya ƙwarai. Ta duba ko za a fasa wata hanya ta baya, amma can ginshiƙan da ke ɗauke da gidan ne. Wannan madogarin kuwa, shi ne zuciyar dalilin da ya sa aka kare gidan. Ko ita ta yarda, na sama da ita ba za su yarda ba, kuma neman izinin irin wannan yakan ci watanni. Ta ba shi haƙuri har sau biyu.

Ivor ya dubi furannin. Ya dubi Denzil, wanda ya jingina da bango yana tsotsar haƙori. Shekara saba'in da tara gare shi, kuma in ka cire tumaki da Muriel, waɗannan da'irori bakwai su ne duk abin da aka san shi da shi a duniya. Hotonsa yana cikin littafi tare da su. Ya ji kunya tun kafin ya yi magana, irin kunyar da ke sa kunnen mutum zafi. Amma ya tuna takardar da ake mannawa a ƙofa.

"Ni na yi su," ya ce.

"Na'am?"

"Furannin. Ni na zana su. Ƙofar ma ni na gina ta, shekarar da na yi aure."

Ya ba ta labarin duka, yana kallon takalminsa: sanyi, rumbun da ya faɗi, ungozoma, almakashi. Da ya gama ya jira ta tashi ta zage shi, ko ta yi kuka, don ya ga duka biyun sun dace.

Mis Amphlett ta miƙe ta kaɗe gwiwarta. Fuskarta cike take da tausayi. Ta dafa hannunsa.

"Mista Gittins, ina ganin girmanka, kuma na san abin da mutum zai iya yi saboda matarsa. Amma ka san sau nawa nake jin wannan a shekara? Duk wanda yake son rushe bango sai ya tuna kakansa ne ya gina shi bayan yaƙi. Farfesa Mallender ya auna katakon nan, ya rubuta shafi huɗu a kai. Kada ka ɓata sunanka a banza."

Wannan ne kuma Ivor bai shirya masa ba. Shekara arba'in yana shara ƙarya ana gyaɗa kai ana ɗaukar hoto, yau ya faɗi gaskiya sau ɗaya an ce masa ya ji tsoron Allah. Ransa ya ɓaci sosai, har ya manta da kunyar. Ya fita, ya tsallaka tsakar gida cikin yayyafi, ya dawo da tsohon almakashin da guntun katako. Ya kafa tsini ya juya. Hannun ya tsufa amma bai manta ba, fure ya fito da ganyensa shida.

Ta duba, ta ce ya yi kyau ƙwarai, kuma hakan ya nuna cewa mutanen dā ma da almakashin tumaki suka yi nasu, abin da farfesa ya daɗe yana zato. Har ta ciro ɗan littafinta ta rubuta.

A nan ne Denzil ya kasa riƙe kansa. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafe bango, ya koma tari.

"Yarinya, rufe littafin nan," ya ce da ya sami numfashi. "Mutumin nan maƙaryaci ne, amma yau hutu yake. Ranar bikinsa ni da ɗan'uwana muka shigo da gangar giyar tuffa ta nan, muna riƙe da ita gefe da gefe, ko kafaɗarmu ba ta taɓa bango ba. Ki gwada shigo da ganga ta wannan ramin ɓeran ki gani."

Ivor ya juyo ya dube shi. "Ka sani?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Wa bai sani ba? Duk wanda ya ci abincin bikinka ya sani. Mai wa'azin cocinmu ma ya sani, Allah ya jiƙansa, shi ya ce a ƙyale ka."

"Shekara arba'in, Denzil, ba ka ce uffan ba."

"In ce me? Ai kallonka kana yi wa baƙi bayanin mayu ya fi talabijin. Shekarar da ka ƙara cewa an taɓa tsintar tsintsiyar mayya a bakin ƙofa, mako guda muka yi muna dariya a mashaya."

Ivor bai san wanne ya fi masa ciwo ba, tonon asirin ko gano cewa tun farko babu asirin. Mis Amphlett dai ta tsaya tana kallon wannan tsoho tana kallon wancan. Ta ce ba ta ƙaryata kowa ba, amma ba za ta iya kai wa ofis maganar abokai biyu da gangar giya a kan littafin farfesa ba. Tana bukatar abin da za ta riƙe a hannu.

Ivor ya dubi bangon. Akwai abin da za ta riƙe a hannu, kuma ya fi son a sake yi masa dariya a mashaya shekara goma da a fito da shi. Amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Ya nuna shafen da ke hagun ƙofar, daidai tsayin gwiwa.

"Ki yarda a huda nan. Faɗin hannu kawai."

Ta yi tunani, ta ɗauki hoton wurin ta kowane gefe, sannan ta ce ita za ta huda da kanta. Ta ciro ɗan kurfin ƙarfe daga jaka ta fara ɓantara a hankali kamar mai cire ƙaya. Shafen ya faɗo, bulo ya bayyana. Ta daɗe tana kallon bulon, don ko yaro ya san irin wanda inji ke bugawa. Ta zare guda ɗaya, ta zura hannu, ta fito da jarida a dunƙule wadda ta koma ruwan ƙasa. Kwanan watan yana nan a kusurwa, Nuwamba 1968, kusa da tallan injin wanki.

"Ƙara zurawa," in ji Ivor, murya a dushe.

Ta ƙara. Abin da ta jawo takalmin mace ne, ja, mai tsinin dunduniya, na ƙafar hagu, ƙura ta lulluɓe shi.

Ai ba sai an yi wa Mis Amphlett bayanin takalmi a cikin bango ba, ta ciro irinsu a gidaje da yawa. Mahaifiyar Ivor ce ta tsaya a kansa ranar da zai rufe bangon, ta ce a gidan nan ba a toshe rami sai da takalmin wanda ake son ya zauna lafiya. Ba ta yarda da mayu ba, in ji ta, amma ba ta ga dalilin tsokanarsu ba. Ivor ya hau sama ya ɗauko na farkon da hannunsa ya taɓa. Sai da bulo ya bushe ya gane takalmin rawar Muriel ne, wanda ta sa daren da suka fara haɗuwa. Ta juye gidan kaf tana nema. Da ta tambaye shi, ya ce ya ga kamar Fly, karen kiwonsu, ya fita da wani jan abu a baki.

"Wannan," in ji Denzil a hankali, "ko ni ban sani ba." Fuskarsa ta cika da murnar mutumin da ya zo aron sarƙa ya tsinci rago.

Mis Amphlett ba ta ji shi ba. Ta kwanta rub da ciki a kan daɓe ta haska fitila cikin ramin, ta daɗe a haka. Ta ɗago, ƙura a gashinta. Ta ce tsohon madogarin yana nan a ciki, lafiyarsa lau, an sassaƙa gefensa, kuma ga alama yana lanƙwasa sama ya haɗu da ɗan'uwansa. Ƙofar asali ce ta gidan, wadda littattafai suka ce ta ɓace. Ta ce cire aikin 1968 don a fito da wannan ba rushewa ba ne, gyara ne, kuma za ta rubuta takardar da kanta ta kai ta hannu da hannu, ta zauna a ofishin har sai an sa hannu.

Ivor ya ce ta yafe masa batun jami'a.

Ta zauna a ƙasa ta dubi furannin, ta kai yatsa ta bi layin ɗaya. Ta ce za ta yi fushi da shi, amma sai an jima, yanzu ba ta da lokaci. Sannan ta tambaye shi ko da gaske awa bakwai ne. Ya ce bakwai cur.

"To su mutanen dā me kake tsammani ya sa suke zana nasu?" ta ce. "Tsoro ne, da wani a cikin gida da ba sa son su rasa. Kada ka ƙona katakon nan. A kafa shi a zaure, a rubuta gaskiyar a ƙasa."

Denzil ya ce shi zai rubuta, kyauta.

An sa hannu saura kwana shida wata ya ƙare. Kafinta ya zo, Mis Amphlett na tsaye a kansa kamar uwar amarya, aka zare bulo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ƙofa ce mai faɗin inci arba'in, samanta a lanƙwashe, katakon ya yi baƙi yana sheƙi. Ivor ya tsaya a gabanta. Ya manta tana da kyau haka. Shi abin da ya tuna kawai iska ce.

Ranar Alhamis da rana motar asibiti ta hawo hanyar gona. Ivor bai bar kowa ya tura keken ba. Ya bi da ita ta ƙofar gaba, tayoyin suna tsalle a kan duwatsun zaure, suka wuce tsohon madogarinsa da aka jingina a bango da 'yar takarda a ƙasa. Muriel ta sa ya tsaya ta karanta. Rubutun Denzil ne, ya ce: Ivor Gittins ne ya zana waɗannan a 1971, kuma tun daga lokacin ba a ga mayya a gidan nan ba. Ta ce a ƙara "sai yau".

A bakin babbar ƙofar ta ɗaga kai ta bi lanƙwasar da ido. Ta nan ta shigo tana amarya, da ƙafafunta. Keken ya wuce ba tare da ya taɓa ko'ina ba, har da sauran wuri. An kawo gado ƙasa an ajiye kusa da taga, wuta na ci a murhu. Ta daɗe tana kallon ɗakin, kujera bayan kujera. Ivor ya ga idonta ya cika, ya yi kamar yana gyara itace a wuta.

"Iska na shigowa," ta ce.

"Zan sa labule."

"Haka ka ce wancan karon, na tashi na ga bango."

Ya goge hannu a wando. Ya je bayan agogo ya ɗauko abin da ya ɓoye, wanda ya riga ya wanke ya shafa wa mai har jan ya dawo. Ya ɗora mata a cinya, ya koma gefe ya tsaya kamar ɗalibin da ke jiran bulala.

Muriel ta ɗauke shi da hannunta mai lafiya, ta juya shi, ta duba ƙasansa. Ta dubi wurin da bangon yake a da, ta dubi mijinta. Ba ta bukaci bayani ba, ta san surukarta.

"Fly," ta ce.

"Na sani."

"Shekara goma sha ɗaya karen nan yana kwana a rumfa, ban bar shi ya taka ɗakin nan ba. Har ya mutu yana kallona yana mamakin abin da ya yi."

"Nakan kai masa ƙashi a ɓoye."

"Gobe za ka je gindin tuffar da ka binne shi, ka cire hula, ka ba shi haƙuri da babbar murya. Zan sa Denzil ya raka ka." Ta ajiye takalmin a cinya ta dafa shi. "Hau sama. Ƙasan kabad, bayan barguna, akwai kwali."

Ya hau da ƙyar, ya sauko da kwalin. Ɗayan yana ciki, an naɗe shi da farar takarda. Shekara hamsin da shida tana ajiye da takalmi ƙafa ɗaya, ita da ke zubar da duk abin da ya kwana biyu bai yi amfani ba. Bai tambaye ta dalili ba, don ya san amsar za ta fi ƙarfinsa.

"Sa min," ta ce.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara irin ta farfesa. Ya zare mata silifas ɗin asibiti. Na dama ya shiga da ɗan turawa. Ƙafar hagun ya ɗaga da hannu biyu, tana da nauyi da sanyi, ƙafar da likita ya soka wa allura a gabansa ba ta motsa ba. Ya sa mata takalmin a hankali ya ajiye ta a kan matakin keken kusa da 'yar'uwarta. Muriel ta leƙa ta dube su.

"Na hagun ya matse ni," ta ce.

Ivor ya ɗago da sauri. Ya dubi ƙafar, tana nan yadda ya ajiye ta. Ya dubi fuskar matarsa, ta tsare shi da ido ko ƙiftawa ba ta yi, gefen bakin nan mai lafiya yana ɗan rawa.

"Mene ne?" ta ce. "Kai kaɗai aka ba izinin ƙarya a gidan nan?"

Ya fara dariya, a durƙushe, yana riƙe da ƙafar. Bai san inda dariyar ta juya ba, sai dai ya ji ya kifa goshi a gwiwarta kafaɗunsa na girgiza. Muriel ta ɗora hannu a kan furfurarsa ta bar shi a nan. Can ta ce in ya gama ya tashi ya ɗora shayi, kuma ya nemo labulen nan, don da gaske iska na shigowa.